Gida Ba Ya Faɗin Sunan Mai Shi

Daga Tanut ta ƙasar Damargu zuwa bakin teku mafi kusa tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000. Ruwan da sama ke zubarwa a nan, a yawancin shekaru, da ƙyar yake kaiwa milimita 300, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya a Damargu ya san tsawon igiyar da ake saki kafin wasaki ya taɓa ruwa. Raƙumi ko takarkari ya ja, ya yi ta tafiya har ya yi nisa da rijiyar, sannan ruwa ya iso baki. Duk da haka, a gefen tuddan da ke yankin garin, inda iska da zaizayar damina suka yaye ƙasa, ana tsintar kwanson halittun teku da suka zama dutse. Akwai na kawa, akwai katantanwa iri-iri, akwai wasu manya masu naɗi waɗanda masana ke kira amonit. Mai kiwo yana taka su yana wucewa da bisashensa.

Wani Bafaranshe masanin duwatsu, René Chudeau, ya ratsa ƙasar nan a farkon ƙarnin da ya wuce, a 1909 kuma ya wallafa bayanin amonit ɗin Damargu. A 1943 Daniel Schneegans ya sake nazarin halittun da ke cikin duwatsun, ya raɗa wa wani jinsinsu suna Nigericeras. Bayansu wasu sun zo, har da 'yan ƙasa daga Jami'ar Yamai, suka bi shimfiɗun dutsen hawa-hawa suna aunawa. Abin da suka haɗu a kai shi ne, kimanin shekara miliyan 94 da suka wuce, wani teku marar zurfi sosai ya malalo daga arewa, ya ratsa inda Sahara take a yau, ya rufe Damargu, ya bi ta kwarin Binuwai har ya sadu da tekun kudu. Daga baya ya janye. Bayan wasu miliyoyin shekaru wani ya sake shigowa ta yamma, shi ne ya bar farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza da Kalambaina ta Sakkwato. Ko man da ake tacewa tun 2011 a matatar da ke kusa da Bakin Birji, a kan hanyar Damagaram, masana sun ce akasarinsa daga lakar tsohon teku ya fito, wadda ke binne a ƙarƙashin yashin Agadem.

Na san akwai wanda lissafin miliyoyin shekaru ke yi wa nauyi a zuciya. To, ya ajiye lissafin a gefe. Ƙiyasin masana ne, iyakar sani kuwa na Allah ne. Kwanson dai yana nan a ƙasa, ana iya ɗauka a juya shi a tafin hannu, kuma gani ya kori ji. Inda muke neman ruwa da igiya da dabba, ruwa ya taɓa yin sarauta, ya cika wa'adinsa, ya tafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne irin abin da tekun ya bari. Mai tauri kaɗai ya rage, wato kwanso da haƙori da guntun ƙashi. Duk abin da yake nama ne, wanda ya ci ya hayayyafa ya guje wa abokin gaba, ya narke cikin laka tun a kwanakin farko. A duwatsun teku na wancan zamani, a ƙasashe da dama, wanda ya juya kwanson kawa ya duba da kyau yakan ga wani siririn farin bututu manne a bayansa, a lanƙwashe, kamar silin taliya 'yar murji da ya faɗi a faranti ya bushe. Gidan wata tsutsa ne. Ita ta gina shi da abin da jikinta ke fitarwa, ta zauna a ciki iyakar rayuwarta, ba ta taɓa fita ba. Gidan ya kawo yau. Mai gidan kuwa ko alamar namanta babu.

Danginta suna nan da rai a gaɓar tekunan duniya, har da gaɓar Afirka ta Yamma daga Muritaniya zuwa Kamaru. 'Yan'uwan tana ne da matsattsaku, jikinsu gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da 'yan gashi masu tauri a gefe. Masana sun rubuta sunayen iri fiye da 10,000 na waɗannan tsutsotsi masu gashi. Wasu suna yawo suna farauta. Wasu kuwa, waɗanda nake magana a kansu, suna gina bututu a cikin yashi ko taɓon bakin teku, ko a jikin dutse, su zauna su jira ruwa ya kawo musu abinci. Idan teku ya janye, mai tafiya a gaɓa yakan ga kawunan bututai a tsaitsaye a kan jiƙaƙƙen yashi, tambayar da ke fara zo masa kuwa ita ce, gidan wa ne wannan? Amsa ta sana'a ce mai zaman kanta, kuma yadda masu sana'ar ke aiki ya isa mutum ya tsaya ya yi tunani.

Da kayan ginin suke farawa. Akwai wadda ake kira Lanice conchilega, wadda Peter Pallas ya fara bayaninta a 1766, mai yawa a gaɓar Turai. Tana tsintar ƙwayar yashi da ɓarɓashin kwanso da zaruruwan da ke kanta, ta kai baki, ta shafa musu wani yauƙi mai kamawa, ta jera. Bututun yakan kai santimita 45, kusan dukkansa a cikin ƙasa. Abin da ke leƙowa waje bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, a samansa kuma ta yi geza mai rassa, ita ma da yashi, wadda ke tare ɗan abincin da ruwa ke wucewa da shi. Wanda ya ga gezar nan ya kusa gane mai gida. A wurin da ya karɓe su, sukan kai dubbai a faɗin murabba'in mita guda. Shekara ɗaya ko biyu ce rayuwarsu. Idan guguwa ta taso ta tone yashi, washegari sai a ga tsibin bututai a zube a bakin ruwa, da gezarsu da komai, babu kowa a ciki.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce Pectinaria. Tsawon gidanta 'yan santimita ne, baki ɗaya mai faɗi, ɗayan tsukakke, kaurin bangonsa kuwa ƙwayar yashi ɗaya tak. Kowace ƙwaya ana zaɓo ta ne daidai da gurbin da za ta shiga, a juya ta a gwada, in ba ta zauna ba a yar a ɗauko wata. Tun tana ƙarama take farawa da ƙananan ƙwayoyi, tana girma tana ƙara sahu a baki mai faɗi da waɗanda suka fi girma. Don haka wanda ya bi bututun da ido daga tsukakken baki zuwa mai faɗi ya karanta rayuwarta ke nan, daga ƙuruciya har ranar da aiki ya tsaya. Zaune take a cikin yashi kai ƙasa, tana tono da wasu gashi masu launin zinariya da ke goshinta. Gida ɗaya take ginawa a duniya, in aka zare ta daga ciki ba ta iya sake wani. Irin da ya fi yawa a gaɓar Turai akasari shekara guda yake yi, ko da 'yan watanni a kai, in kifin da ke kiwo a ƙasan ruwa bai riga ya haɗiye shi ba. Kuma babu ɗaya a cikinsu da ke mutuwa da gamammen gida. Sahun ƙarshe kullum a buɗe yake, yana jiran ƙwaya ta gaba.

Wasu ba su tsintar komai. Dangin Serpula, masu farin bututun nan na bayan kawa, alli suke tacewa daga ruwan teku su fitar da shi ta wuyansu su yi gini. Suna baza wata geza mai launi suna tace ruwa, da inuwa ta gitta sai su koma ciki cikin ƙiftawar ido, su toshe ƙofa da marfi. Akwai masu yi da taɓo zalla. Akwai Chaetopterus mai bututu mai laushi da baki biyu, tana kaɗa ruwa ya shiga ta nan ya fita ta can. Akwai Diopatra, mai yawa a gaɓar ƙasashe masu zafi, wadda ke liƙa guntayen kwanso da ciyawa a bakin ƙofarta.

Sai dai kowane masanin wannan fanni zai gaya maka cewa bututu shaida ce mai rauni. Yakan nuna dangi, wani lokaci ko dangin ba ya nunawa. Carl Linnaeus, mutumin Suwidin da ya tsara yadda ake raɗa wa halittu suna, a 1758 ya zuba masu farin bututu cikin sahun katantanwa, har ya haɗa tsutsa da wani irin dodon koɗin teku a ƙarƙashin suna ɗaya, saboda gidajensu sun yi kama. Shekara guda kafin haka, a 1757, Michel Adanson, wanda ya yi shekaru a Senegal yana bin gaɓa, ya wallafa littafinsa kan halittu masu kwanso na can. Shi hanyarsa dabam ce: sai ya ga mai gidan da rai kafin ya yi magana. Da ya leƙa cikin wani murɗaɗɗen bututu irin wannan a duwatsun gaɓar, dodon koɗi ya tarar, da kansa da ƙahoninsa. Daga baya aka gano wasu alamu, misali cikin bututun dodon koɗi yana sheƙi, na tsutsa kuwa ba ya yi. Amma ruɗanin bai ƙare ba. Ditrupa, tsutsa mai ɗan lanƙwasasshen bututu, an daɗe ana ɗaukarta wata halitta ce mai kwanso. Har a 2006 sai da Paul Taylor da Olev Vinn suka nuna cewa wasu ƙananan naɗaɗɗun bututai na duwatsu mafi tsufa, waɗanda aka yi fiye da shekara 100 ana kira da sunan tsutsar Spirorbis, ba nata ba ne sam. Na wata halitta ce dabam da ta ƙare daga doron ƙasa tun da daɗewa. Gini iri ɗaya, masu shi ko dangi ba su haɗa ba.

Saboda haka wanda yake son suna na gaskiya sai ya kamo ita kanta. Ana tonowa da shebur, a ɗauko bututun da yashinsa, a tsaga shi a hankali, a sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma. A ƙirga gezar numfashi, wadda a jikin Lanice ja ce, biyu-biyu sahu uku. A duba siffar marfin, a ƙirga gaɓoɓin ƙirji, a duba ƙananan ƙugiyoyin da take riƙe bangon gidanta da su, haƙora nawa ke jikin kowace. Yau har ƙwayar halittarta ake aunawa. Duk wannan aiki ne na gaggawa. Wasu wuraren ba su bayyana sai teku ya yi babbar janyewa, wajen tsayuwar wata da daren sha huɗu, kuma sa'a ɗaya ko biyu mai bincike ke da ita kafin ruwa ya komo. Jikin kuwa, in ba a tsoma shi cikin ruwan magani ba, launinsa zai gushe, ya saki, cikin ɗan lokaci ya zama abin da ba a gane komai a cikinsa. Abin da ake gane ta da shi, shi ne ya fi komai nata saurin lalacewa.

'Yan'uwa, wannan ba baƙon labari ba ne ga mutumin Damargu, don ƙasar nan cike take da kufai. A ƙarni na 19 hatsin Damargu ne ke ciyar da Azbin, kuma ta nan ayarin Tarabulus da Gadamas ke bi zuwa Damagaram da Kano, su komo da ƙiraga da hauren giwa da gashin jimina, har da 'yan Adam da aka mai da haja. A garin Jajiduna na nan Damargu an yi fatake masu dukiya, an yi madugai da ake jin labarinsu tun daga Gat. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, a shekarar kuma Italiya ta afka wa Tarabulus. A 1913 zuwa 1914 yunwar Kakalaba ta zo, kasuwar gashin jimina ta faɗi a Turai. Cikin 'yan shekaru hanyar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana bi ta mutu. Farin 1973 da na 1984 suka ƙara tayar da wasu garuruwan. Je ka tsaya a kan kufai yau ka duba. Za ka ga tudun toka, da tsingaro, da dutsen niƙa, da wani loɓaɓɓen wuri da ya taɓa zama rijiya. Mai lura zai ce nan ɗaki ne, can rumbu. Amma tsingaro ba zai gaya maka ko mai gidan mai gaskiya ne ko azzalumi ba, ko matarsa ta ji daɗin zama da shi, ko maraya ya taɓa cin tuwo a zaurensa.

A watan Janairu na 1851 wasu Turawa uku suka sauka a Tagelel, nan cikin Damargu, tare da ayarin gishiri na Abzinawa. Shugaban tafiyar James Richardson ne, mutumin Ingila, sai Jamusawa biyu, Heinrich Barth wanda aka sani da Abdulkarim, da Adolf Overweg, shi ma masanin duwatsu. A nan suka yi sallama don kowa ya bi tasa hanya, da alkawarin haɗuwa a Kukawa farkon Afrilu. Richardson ya bi ta Damagaram, ran 4 ga Maris ya mutu a Ngurutuwa, saura 'yan kwanaki ya isa wurin alkawari, yana da shekara 41. Overweg ya isa, ya shiga Tafkin Chadi da kwalekwalen da suka ɗauko gunduwa-gunduwa a kan raƙuma tun daga Tarabulus, zazzaɓi ya kashe shi a bakin tafkin cikin Satumbar 1852, yana da shekara 30. Barth kaɗai ya koma gida, ya rubuta littattafansa, ya mutu a Balin a 1865 yana da 44. Ranar da suka rabu a Tagelel kowannensu yana da shirin shekaru masu yawa a ransa. Da Barth ya isa Kano ya tarar ana canza riyal guda na azurfa wuri 2,500. Wurin nan ma gidan wata halittar teku ne, akasari daga tsibiran Maldib aka kwaso shi bayan mai shi ta mutu. A kansa aka yi rantsuwa, aka raba zumunci, aka sayar da mutane, jikokin masu tara shi kuwa suka wayi gari ba ya sayen ko goro.

Yau tsohuwar hanyar ayarin ta koma kwalta da mota. Samari suna bi ta Tanut zuwa Agadas, zuwa Libiya da Aljeriya, zuwa ramukan zinariya na Jado tun daga 2014, kuma yawancinsu ba kwaɗayi ya fitar da su ba, rumbu ne ya ƙare tun kafin bazara. In Allah ya buɗa, akan sayi fili, a buga bulo, a ɗaga gini. Kusan kowane gari yana da irin ginin nan da ya tsaya a linta, tumfafiya ta tsiro a tsakar ɗaki, awaki na kwana a inuwarsa. Wani mai shi yana can yana neman kuɗin rufi. Wani kuwa labarinsa kawai ya komo, a bakin abokin tafiya, ko ta waya da tsakar dare. Ban ga laifin wanda ya nemi inda zai sa iyalinsa ba, wajibi ne a kansa. Abin da ke damuna shi ne lissafin "in na gama". In na gama ginin nan zan tsai da salla a kan lokaci, in na gama zan biya wane, zan je in zauna da gyatuma, zan sasanta da ƙanena. Ginin kuwa ba ya ƙarewa. Bayan rufi sai yaɓe, bayan yaɓe sai katanga, sai shago a ƙofar gida, sai filin yara.

Ku saurari abin da ake faɗi a ƙofar gida ranar da kwana ya ƙare. An yi wanka, an sa likkafani, an ɗora a makara, liman ya shiga gaba, cikin sa'o'i kaɗan an kai shi an komo. Babu mai yi wa mamaci shaida da yawan ɗakunansa. Abin da ake cewa shi ne, mutum ne mai haƙuri, abin hannunsa bai rufe masa ido ba, ba a taɓa jin kansa da kowa ba, Allah ya sa halinsa nagari ya bi shi. In babu abin faɗi sai a ce Allah ya gafarta masa a yi shiru, kowa kuma ya ji nauyin shirun. Sannan wani daga dangi ya miƙe ya ce duk wanda ke bin marigayi bashi ya zo ya same mu. Gidan yana nan a bayansu da fentinsa da ƙofar ƙarfensa, kafin sadakar arba'in an fara maganar yadda za a raba shi. Bayan shekara 50, tambayi yaron da ke wasa a ƙofarsa wa ya gina, da wuya ya sani.

Kada a ɗauka ina cewa gini aikin banza ne. Akwai wata tsutsar, Sabellaria alveolata, tsawonta santimita 3 zuwa 4, rayuwarta yawanci shekara 4 ko 5. A gaɓar Mont-Saint-Michel ta Faransa ita da 'yan'uwanta sun gina tudun yashi a cikin ruwa wanda faɗinsa ya wuce hekta 200, tsayinsa a wasu wurare ya wuce mita guda. Kowace ɗan bututunta kawai ta yi, manne da na maƙwabciyarta. 'Ya'yansu suna yin makonni ruwa na yawo da su, in lokacin zama ya yi sai su nemi inda suka ji alamar yauƙin magabatansu, su ɗora nasu ginin a kan na waɗanda suka mutu. A cikin lungunan tudun nan ƙaguwa da ƙananan kifi da halittu masu yawa suke fakewa, yana kuma rage ƙarfin igiyar ruwa. Babu ɗaya a cikin magina da ta ga farkonsa, babu wadda za ta ga ƙarshensa. Irin wannan gini muna da shi a Damargu, shi ne rijiya. Da hannu aka gina tsofaffin rijiyoyinmu, wata da watanni a cikin duhu da ƙarancin iska, akwai kuma waɗanda ƙasa ta rufta da su a ciki. Da yawa an manta sunan wanda ya gina da wanda ya biya. Amma da safiyar yau ɗin nan wata mata ta cika tulunta a can, Bafulatani ya shayar da shanunsa, wani ya yi alwala. Malamai suna kiran wannan sadaka mai gudana, kuma sun koya mana cewa ladarta ba ta jiran a tuna sunan mai ita.

Tsawon rai ma bai sauya lissafin ba. A ƙasan tekun Meziko akwai tsutsar bututu mai suna Lamellibrachia da aka ƙiyasta tana kaiwa shekara 250, ita ma bututu take bari. Bambancinmu da su a wani wuri yake. Tsutsa ba ta da hisabi, an hore mata gini ta yi ta wuce. Mu ne aka ba hankali, aka sanar da mu cewa rai baƙo ne, mu ne kuma za a tambaya.

To, wanda ya yarda da wannan, da me zai fara? Ni dai ina ganin da bashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. A shari'a kuma, bayan kuɗin jana'iza, bashi ake fara cirewa, sannan wasiyya wadda ba ta wuce sulusi, abin da ya rage shi ne gado. Amma a garuruwanmu yawancin hulɗa a baki take. Hatsin da aka karɓa da bazara za a biya da kaka, saniyar da aka ba wani kiwo, gonar da aka jinginar ko aka ba da aro tun zamanin kakanni, kuɗin adashi, saƙon da ɗan ci-rani ya danƙa wa wani ya kai gida. Muddin mutanen biyu suna raye, magana ɗaya ce. Ranar da ɗaya ya faɗi sai ta zama biyu, marayu su yi ta zirga-zirga tsakanin fadar mai gari da gaban alƙali, zumuncin shekara da shekaru ya lalace. Takarda ɗaya ta isa, da boko ko da ajami, da shaidu biyu, a kuma gaya wa uwargida da babban ɗa inda aka ajiye ta. Wasu suna gudun yin haka don kada a ce suna kiran mutuwa. Rubutu bai taɓa matso da ajali ba.

Shi kansa gidan da ake ciki a bi shi da tambaya. An gama biyan magini? Leburorin da suka kwaɓa ƙasa fa, da mai buga bulo, da yaron da ya yi ta jigilar ruwa a amalanken jaki aka ce masa ya komo ran kasuwa? Katangar ta tsaya a iyakarta, ko ta ci taku biyu a filin maƙwabci ko a hanyar jama'a? Gonar ta bar burtali yadda aka same shi, ko an ɗan matsa kowace damina? Duk waɗannan ana iya gyara su cikin mako guda in mai gida da kansa ya tashi. Magada ba su san inda iyakar gaskiya take ba, ba su kuma san wane yaro ne ya kawo ruwan ba.